An ƙara maka ƙarfi kai kuma kace a rage: tambayoyi da amsoshi

Maganar dai itace a ce duniya ta gyaru tsaf, ba yunwa ba cuta ba neman na cefane, kowa an ƙara masa kaifin ƙwaƙwalwa da ƙarfin jiki, baya mantuwa baya gajiya, sai kuma wani ya tashi da kansa ba wanda ya saka shi yace shi a kashe masa wani ɓangare na wannan baiwar. Ga tambayoyin da aka fi jefowa in an ɗauko zancen.

Wai tsaya tukuna, wane ƙarin iyawa ake magana? Ba tatsuniya bace?

Rabi tatsuniya ce rabi kuma an fara. Hanyoyin da ake magana basu wuce gyaran ƙwayoyin halitta, da dasa na'ura a jiki ko a ƙwaƙwalwa, sai magunguna. A 2018 wani masanin kimiyya ɗan ƙasar Sin mai suna He Jiankui ya sanar cewa ya gyara ƙwayoyin halittar wasu tagwaye mata tun kafin a haife su da fasahar CRISPR, wai don kada HIV ta kama su, duniya ta yi masa ca kuma a ƙarshen 2019 kotu ta ɗaure shi shekara 3. A ƙarshen 2023 Birtaniya da Amurka suka amince da Casgevy, maganin sikila da shima da CRISPR ɗin ake yinsa. A Janairun 2024 kamfanin Neuralink ya dasa na'ura a kan wani Ba'amurke Noland Arbaugh wanda jikinsa ya shanye daga wuya zuwa ƙasa, sai gashi yana motsa kibiyar kwamfuta da tunani kawai har yana buga ces, wato wasan dara na Turawa.

Amma ku lura, kusan duk waɗannan magani ne ake yi wa mara lafiya. Ba'a kai ga ɗaukar mai lafiya a ninka masa basira sau goma ba. Shi wancan ɗin hasashe ne, kuma akan hasashen muke magana.

Toh wanda Allah ya kashe ya bashi duk wannan, wane irin hauka ne zai sa yace a rage?

Wannan itace tambayar da kowa ke fara yi, kuma amsarta tana gabanmu tun ba yau ba, don mutane sun daɗe suna yi.

Je ka Argungu lokacin bikin kamun kifi, wanda ake lissafa farkonsa daga 1934. Dubban masunta ne ke jeruwa a bakin Matan Fada, ana bada alama su ruga cikin ruwa, kowa da homarsa da gorarsa, wani ya kwanta akan gorar yana shawagi wani ya nutse yana lalube, cikin kamar awa ɗaya a ga wa zai fito da kifi mafi girma. Ba wai ba'a san jirgi mai inji da ragar zamani bane, an sani sarai. Amma ka shigo da su ka share kogin cikin minti goma ka ga ko akwai wanda zai tafa maka, ai kifi ka samu amma bikin ya mutu.

Haka tsaunin Everest. Hillary da Tenzing da suka fara hawa a 1953 da tukunyar iskar oksijin a bayansu suka hau, kuma har yau yawancin masu hawa haka suke yi. Sai a 8 ga Mayun 1978 Reinhold Messner da Peter Habeler suka hau ba tukunya, a wurin da iskar da mutum ke shaƙa bata bashi fiye da kashi ɗaya cikin uku na abinda yake samu a ƙasa, lokacin ma da yawa suna ganin ko dai su mutu ko ƙwaƙwalwarsu ta taɓu. Tukunyar na nan ana sayarwa, su suka ce basa so.

Akwai wani malamin falsafa Bernard Suits da ya yi littafi a 1978 akan wannan, abinda yake cewa a taƙaice shine wasa ba komai bane illa mutum ya ɗora wa kansa wahalar da bata zama dole ba da ganin damarsa sannan yayi ƙoƙarin tsallake ta. Ya ƙara da cewa in duniya ta kai matsayin da komai kake so danna maɓalli kawai zaka yi, toh ba abinda zai rage wa mutane yi sai irin wannan, mai son gini zai gina gida da hannunsa duk da inji zai iya yi masa a daƙiƙa. Ni dai ina ganin ya ɗan wuce gona da iri da yace komai zai koma wasa, don zumunci da ibada da raino ba wasa bane kuma zasu rage, amma a ɓangaren aiki da gwaninta wallahi yana da gaskiya.

Banda wasa fa? Akwai iyawar da ita kanta kaya ce?

Sosai ma, kuma wannan yafi na wasan ƙarfi a wajena. Ɗauki rashin mantuwa, wanda duk ɗalibi ke mafarkinsa in jarabawa ta matso. A Mosko wajen shekarun 1920 akwai wani ɗan jarida Solomon Shereshevsky, editansa ya lura shi baya rubuta komai a taron safe amma yana maimaita duk abinda aka faɗa kalma da kalma, sai aka tura shi wajen masanin ƙwaƙwalwa Alexander Luria wanda yayi ta bincikensa kusan shekara 30. Mutumin nan ana bashi dogon jerin lambobi ya maido su bayan shekaru. Matsalarsa itace yadda zai manta, har takai yana rubuta abu a takarda ya ƙona ta wai ko zai fita daga kansa.

Sai wata mata a Kalifoniya, Jill Price, da masu bincike suka wallafa labarinta a 2006. Ka faɗi mata kwanan wata tun daga ƙuruciyarta ta gaya maka ranar mecece da abinda tayi. Ita da bakinta tace nauyi ne, don duk wani baƙin ciki da wata maganar da aka yaɓa mata shekara ashirin baya suna dawowa sabbi fil kamar yau aka yi. Yanzu ka auna zaman aure ko zaman gida ɗaya da kishiya ko 'yan uba inda ba wanda ke manta komai, kowace kalma na nan da ranarta da lokacinta. Ai yafiya ma sai tayi wuya, don rabin yafiyar da muke yi wa juna lokaci ne ke dusashe abin kafin zuciya ta sauko. A irin waccan duniyar in kaga miji da mata sunje sunce a mayar musu da mantuwa irin ta mutanen da, ni bazan ce musu mahaukata ba.

Ciwo ma haka. A 2006 an yi rahoton wasu yara a arewacin Pakistan da aka haifa basa jin zafi ko kaɗan saboda wata ƙwayar halitta mai suna SCN9A, kuma ba daɗi suke ji ba, wasu sun ciji harshe da leɓe har sun gutsure, wasu ƙashi ya karye ba'a sani ba sai daga baya. Sannan ko a yau kurame da aka dasa musu na'urar ji a kunne, da yawansu suna cire ɓangaren waje in hayaniya ta ishe su, su zauna shiru abinsu, ba wanda ya tilasta musu.

Amma ba yaudarar kai bace? Tunda duk sanda abu yayi zafi zaka iya kunnawa

Eh toh, akwai ƙamshin gaskiya a nan kuma bazan ɓoye ba. Attajirin da yace bari ya ɗanɗana talauci na sati guda alhali katin ATM na aljihunsa ba talauci ya ɗanɗana ba, don abinda ke cin talaka shine rashin sanin yaushe abin zai ƙare. Wanda ya kashe ƙarin ƙarfinsa yana sane da cewa makunnin na hannunsa bazai taɓa jin irin tsoron da kakanninsa suka ji ba, wannan ya wuce.

Amma hakan bai maida abin ƙarya ba. Mai azumin nafila na Litinin da Alhamis ga ruwan sanyi a firij ga abinci a kicin ba mai ganinsa, kuma ba wanda zai ce ƙishirwarsa ta la'asar ta bogi ce, hasalima kasancewar ruwan a kusa shine ya ba abin ma'ana. Wanda kuma yake son abin yayi tsanani akwai dabarar da aka sani tun zamanin Girkawa, labarin Odisiyas da yasa matuƙan jirginsa suka ɗaure shi a jikin ginshiƙi yace komai zan faɗa kada ku kwance ni sai mun wuce wurin masu waƙar da ke jan matuƙa zuwa halaka. A duniyar gobe wannan zai zama ka kulle abin na wata shida ko shekara ka miƙa mabuɗin ga wani amintacce da sharaɗin sai in rai na cikin haɗari.

In kwamfuta ko wanda aka ƙara wa basira ya fi ka nesa ba kusa ba, daɗin abin baya tafiya?

Ga wasu yana tafiya. Lee Sedol na Koriya ta Kudu, gwanin wasan Go mai kama da dara, manhajar kwamfuta AlphaGo ta cinye shi 4 da 1 a Maris 2016, a 2019 ya ajiye wasan gaba ɗaya yace ko ya zama na ɗaya akwai abinda baza'a iya kayarwa ba. Amma ces fa tun 1997 kwamfutar Deep Blue ta IBM ta doke zakaran duniya na lokacin Kasparov, yau manhajar da ke cikin wayarka zata lallasa zakaran duniya, kuma masu buga ces ƙaruwa suka yi. Abinda aka yi kawai shine an bar injin a waje, a zauren gasa ko ƙara wayarka tayi an cinye ka.

Mu ma muna da namu. Alƙur'ani izu sittin na cikin kowace waya da karatun ƙurra'u kala-kala, amma ba'a daina harda ba, yara na nan suna wanke allo suna tilawa da asuba ana musabaƙa duk shekara, don kowa yasan abinda ke cikin ƙirji daban yake da abinda ke cikin aljihu.

Menene bambancin wannan da a tilasta wa kowa ya rage don a zama ɗaya?

Bambancin sama da ƙasa. Akwai gajeren labari na Kurt Vonnegut na 1961 da ya zana irin wannan ƙasar, gwamnati na rataya wa mai ƙarfi buhunan nauyi, mai basira a saka masa abu a kunne yana masa ƙara don kada yayi dogon tunani, kyakkyawa a rufe mata fuska, wai don kada wani ya fi wani. Wannan zalunci ne kawai da aka saka wa rigar adalci.

Tsakanin na dole da na ganin dama kuma akwai na yarjejeniya, irin na wasanni. A gasar ninƙaya ta duniya a Rum a 2009 an karya tarihi 43 saboda wasu riguna na roba masu taimaka wa jiki shawagi, daga 2010 aka haramta su. Bayan ɗan tseren Kenya Kipchoge yayi gudun fanfalaki a awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40 a Biyana a 2019 surutu yayi yawa akan takalman Nike da ya saka, a Janairun 2020 aka kafa doka cewa kaurin tafin takalmin gudun titi kada ya wuce milimita 40. Ba'a hana ka saka abinka a gida ba, amma in zaka shiga filinmu ga sharaɗi. Inda abin ke da ciwo shine irin na Markus Rehm, Bajamushe mai tsallen nesa da ƙafar roba, wanda ya doke masu ƙafa biyu a gasar ƙasarsu a 2014 amma bai samu shiga Olamfik ta 2016 ba saboda ance ya kawo hujjar cewa ƙafar bata bashi fifiko. Shi ba rigar da zai cire bace, ƙafarsa ce.

Abinda nafi tsoro ma ba doka bane, bakin mutane ne. Ragewa na iya zama abin yayi har a fara yi wa wanda bai rage ba kallon mara tarbiyya, ko kuma akasin haka a riƙa ce wa wanda ya rage cima-zaune. Duk ɗaya ne, da zarar kunya ce ta saka ka ba ra'ayinka ba toh ganin dama ya fita daga ciki.

Likita ko matuƙin jirgi shima zai iya cewa yau ya kashe nasa?

A bakin aiki a'a. Kai kaɗai ne zaka sha wahalar zaɓinka, bismillah. Amma likitan tiyata da zai iya ganin jijiyar da idon kowa baya gani yace shi yau yana son ya gwada irin na mutanen da akan cikin ɗan wani, wannan ba tawali'u bane ganganci ne, kuma haƙƙin rai na kansa.

Sai dai akwai wani lauje cikin naɗi. A 2013 hukumar sufurin jiragen sama ta Amurka ta shawarci kamfanoni su riƙa barin matuƙa suna tuƙi da hannu lokaci-lokaci in yanayi ya bada dama, saboda dogaro da na'urar tuƙi mai sarrafa kanta yasa hannu na sanyi, ranar da na'urar ta ƙi aiki a sama sai a rasa mai karɓa. Kaga kenan wani lokacin kashewar ma tana cikin aikin, amma a tsare, da wani a gefe da komai nasa ke kunne.

Yara fa, uba zai iya rage wa ɗansa?

Nan ne na kasa yarda da masu cewa kowa yayi yadda yaga dama. Kai ka ɗanɗana duka biyun ka zaɓa, shi yaron bai ɗanɗana komai ba. Duk abinda za'a iya mayarwa daga baya, kamar ace bazaka kunna kaza ba sai ka iya lissafi da kanka ka iya gane hanyar gida ba taswira, wannan tarbiyya ce kuma iyaye na da wannan hurumin. Wanda baya mayuwa kuma a jira shi ya mallaki hankalinsa.

Akwai wata al'umma da ta taɓa yin haka a dunƙule ta ɗore?

Amish na Amurka, wata al'ummar Kiristoci a jihohin Pensilbaniya da Ohayo da Indiyana. Mutane na ɗauka gaba ɗaya suke ƙin zamani, ba haka bane, kowace jama'a ce ke zama ta duba abu ta ga me zai yi wa zamansu. Mota zata sa mutum ya riƙa nisa da maƙwabta sai suka tsaya a keken doki, amma zasu iya shiga motar haya. Waya kuma da yawansu basa sa ta cikin gida, sai a kafa mata 'yar rumfa a bakin hanya gidaje su yi tarayya, in kana da kira ka taka ka je, don kada ta riƙa katse hirar iyali. Kuma sai mutum ya girma yake karɓar baftisma ya shiga da kansa, duk da dai wanda aka tsayar da karatunsa a aji takwas zaɓin nasa da sauran magana.

A manyan abubuwa ma an yi. A Fabrairun 1975 masana kimiyya kusan 140 suka taru a Asilomar ta Kalifoniya suka shata wa kansu iyaka akan binciken haɗa ƙwayoyin halitta tun kafin gwamnati ta fitar da nata ƙa'idoji. Afirka ta Kudu ta ƙera bama-baman nukiliya 6 ta kuma wargaza su da kanta, shugaban ƙasar na lokacin de Klerk ya sanar a Maris 1993, koda yake siyasar ƙarshen wariyar launin fata na ciki, ba tsabar kirki bane.

A addini fa?

Hukuncin gyaran halitta da dashe-dashe na malamai ne. Amma shi kame kai alhali kana da iko ba baƙo bane a wajenmu, hadisin da Bukhari da Muslim suka rawaito ya nuna mai ƙarfi ba shine mai kayar da mutane a kokawa ba, shine mai mallakar kansa lokacin fushi.

Gaskiya mu da ko wutar awa shida bama samu, wannan ba zancen ƙoshi bane?

Zancen ƙoshi ne mana. Casgevy ɗin nan farashinsa a Amurka dala miliyan 2.2 ne mutum ɗaya, alhali Najeriya ce tafi kowace ƙasa yawan masu sikila, ana ƙiyasta jarirai kusan 150,000 duk shekara. Uwar da ta kwana a asibiti tana danna wa ɗanta ƙafa yana ihu ba wanda zai je mata da falsafar amfanin jin zafi. Ragewa na wanda ya samu ne, wanda bai samu ba a fara bashi tukuna, kuma duk mai amfani da wannan zancen don yace talaka ya haƙura da rashi ai wahala na gina mutum, ku kore shi.

In ka rage sai kaji baka so, tabbas zaka iya komawa? Wa ke riƙe da makunnin?

Wannan ce tambayar da ya kamata a fara yi kafin a bari a dasa wa mutum komai. Akwai kamfanin Amurka Second Sight da yayi na'urar ido mai suna Argus II, makafi sama da 350 aka dasa wa, tana basu ɗan ganin haske da inuwar abubuwa. A 2019 kamfanin ya daina ƙera ta, a 2020 ya kusa rushewa ya sallami yawancin ma'aikata, mutane suka wayi gari da ƙarfe a ido ba gyara ba sabuntawa, in wani ɓangare ya lalace sai dai a nemi na hannu wajen wani, cirewa kuma sai da wata tiyatar. Waɗannan an rage musu ne ba tare da an tambaye su ba, kuma ba gwamnati ce tayi ba, asusun kamfani ne ya bushe.

Sannan ko makunnin na hannunka jiki baya jira. Direbobin tasi na Landan da ke kwashe shekara 3 zuwa 4 suna haddace tituna kusan 25,000, binciken Eleanor Maguire a 2000 ya nuna wani sashe na ƙwaƙwalwarsu mai kula da hanya yafi na sauran mutane girma, wato ƙwaƙwalwa na ginuwa ne akan abinda ake sa ta. Wanda aka haifa da na'ura tana yi masa tuni da lissafi shekara talatin, ranar da ya kashe ta ba zai koma kamar kakansa bane, ƙasa da kakansa zai koma sai ya sake koyo daga farko, wanda kuma ya daɗe a kashe in ya kunna shima sai ya sake sabawa.

Don haka in har za'a kira waccan duniyar ta gari, ni sharuɗɗana sune makunnin ya zama a jikinka ba a kwamfutar kamfani ba, kada a ɗaura shi da kuɗin wata, tsarin na'urar ya zama a buɗe yadda wani injiniya zai iya gyarawa in masu ita sun tattara sun tafi, kuma kada mai ɗaukar aiki ko kamfanin inshora su iya leƙawa su ga yau a kunne kake ko a kashe, banda irin ayyukan da ran wani ke hannunka.